Ƙarin Ruwa Ba Ƙarin Lafiya Ba Ne

A matsayina na malamin harshe, ina ganin kalmar "ƙari" tana yaudararmu. Da zazzaɓi ya kwantar da mutum, sai dangi su matsa a yi masa ƙarin ruwa. Alhali ruwan jijiya yana tsinka jini, tamkar kunun da aka cika wa ruwa. Haɗarin bai tsaya nan ba: binciken FEAST na 2011, kan yara fiye da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani a Uganda da Kenya da Tanzaniya, ya nuna waɗanda aka ɗura wa ruwa da gaggawa sun fi mutuwa. Mai kwalara kam ruwan ne cetonsa. Don haka a bar wa likita hukunci, hukuma kuma ta hana ɗaura ruwa a kemis.