Rabon Kasuwa da Rabon Karatu

 

Akwai wata magana da ta cika bakin 'yan kasuwa a wannan zamani, wai babu lokaci. In an ce wa mutum ya zo zaure ya ɗauki babi guda na Ahalari, sai ya ce kasuwa ta riƙe shi. In an ce ya yi ƙailula, ya ce mai saye ba ya jiran mai barci. Yana nan yana dakon ranar da hidima za ta lafa, alhali kuwa Kantin Kwari da Dawanau ba su taɓa wayewar gari sun rasa aikin da za su sa shi ba. Lalle lokacin karatu da na hutu ba a samunsu daga saura. Sai dai a yanka musu rabonsu tun da fari, kamar yadda mai hankali yake ware uwar kuɗi kafin ya taɓa riba.

Fataken da suka bi hanyar Gwanja sun fi ɗan kasuwan yau shan wuya nesa ba kusa ba. Daga Kano zuwa Salaga tafiya ce ta wata da watanni, a ƙasa, da jakuna, ga Kwara a gaba, ga 'yan fashi a daji. Duk da haka madugu ba ya korar ayari dare da rana. Akan yi sammako, in rana ta take a sauka zango, a sauke wa dabbobi kaya, don kowa ya san jakin da aka hana wa hutu ba ya kai goro gida. Kuma babban ayari yakan tafi da malaminsa. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, tun yana yaro yake bin mahaifinsa fatauci, karatunsa bai yanke ba. Ya zauna Salaga, ya rasu a Karaci ta ƙasar Gana a 1934, ya bar littattafai da waƙoƙi cikin Larabci da ajami. Wa ke tuna yawan goron da ayarinsu ya ɗauko?

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mota ta biyo baya, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Wayar hannu ta bazu a Nijeriya daga 2001, saƙon kwanaki ya koma na ƙiftawar ido. To, ina lokacin da aka rage ya shiga? Bai koma ga allo ba, bai koma ga shimfiɗa ba. A da almuru ke tashin kasuwa, ko mutum ya so ko ya ƙi. Yanzu sai a kulle rumfa, ciniki ya bi mai ita cikin aljihu, ana tayi ana sallamawa har tsakar dare, mutum ya makara sallar asuba, ya fito da jajayen idanu yana faɗa da yaransa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Malamai ma ba su tsira ba. Akwai wanda yake karantarwa da safe, ya yi rubutun sha da rana, ya kwana yana tilawa, yana ganin hutu kasala ne. Alhali makarantar allo da kanta ta gaji hutun Alhamis da Juma'a, kuma malamai na da suna danganta asalinsa ga Sayyidina Umaru. Buhari ya ruwaito cewa Salmanu ya ziyarci Abu Darda'i, ya tarar ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har ya bar kula da iyalinsa. Ya ƙi cin abinci sai da mai gida ya ci, ya hana shi tashi sai ƙarshen dare, ya tunatar da shi haƙƙin jikinsa da na iyalinsa tare da na Ubangijinsa. Da labari ya kai ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu.

Wani zai ce wannan zance na attajiri ne mai yara, ban da mai tebur wanda in ya ɗaga sa'a guda tukunya ba ta hau wuta ba. Uzuri ne mai nauyi, ba a raina shi, balle a shekarun tsada. Amma magabata sun san wannan hali, sun kuwa yi masa dabara. Sayyidina Umaru yana zaune a unguwannin gefen Madina, shi da wani maƙwabcinsa Ba'ansare, sai suka raba kwana: yau wannan ya sauka wurin Annabi ya dawo wa ɗan'uwansa da abin da ya ji, gobe wancan ya sauka. Ba wanda ya bar sana'a, ba wanda ya rasa ilimi. Masu rumfa biyu da ke jere da juna suna iya yin haka tsakanin azahar da la'asar, sa'ad da ciniki kan yi sanyi. Ɗaya ya tsare kaya, ɗaya ya tafi zaure ko ya miƙe bayansa, gobe a juya. Wayar kuwa a bar ta wurin mai tsaron.