Na'urar Taswira a Mota: A Ɓoye Kebul, Amma Kada a Kafe Na'ura

Duk wanda ya leƙa cikin motocin matasa a Kano, Kaduna ko Abuja zai tarar da ɗaya daga cikin abubuwa biyu. Ko dai wayar hannu ce maƙale a gilashin gaba tana nuna taswira, kebul ɗin caja yana reto daga ramin kunna sigari, ya ratsa kan giya, wani lokaci har ya naɗe sitiyari. Ko kuma an cire rediyon da motar ta zo da shi, an yanke wayoyinsa, an kafe wani ƙaton sikirin na Android a tsakiyar dashbod. Na farko rashin tsari ne mai haɗari, na biyu kuma kwalliya ce da galibi ba ta biyan kuɗin sabulu.

Akwai hanya ta uku wadda ta fi dacewa da yanayinmu da aljihunmu: a yi wayarin mai tsafta sau ɗaya, a ɓoye shi a jikin mota, sannan na'urar da ke nuna taswirar ta zama wadda hannu ɗaya zai cire cikin daƙiƙa biyu. Ko wayar hannu ce, ko na'urar Garmin ko TomTom, ko ƙaramin sikirin ɗin nan mai karɓar Android Auto da CarPlay, ƙa'idar ɗaya ce. Kebul shi ne zai zauna, na'ura kuma ta bi mai ita duk inda ya tafi.

Mota tana daɗewa, manhaja ba ta daɗewa

Corolla ko Camry da aka ƙera a 2008 tana nan tana aiki a titunanmu, kuma mai yiwuwa ta ƙara shekara goma. Wayar hannun da aka ƙera a wannan shekarar kuwa ko WhatsApp ba za ta buɗe ba. CarPlay ya fito a 2014, Android Auto ya biyo baya a 2015, ke nan yawancin motocin da ake shigo da su daga Turai da Amurka sun girme su duka biyun. Wanda ya kafe kwamfuta a jikin mota ya haɗa abu mai rayuwar shekara ashirin da abu mai rayuwar shekara uku ko huɗu.

Masu arahar cikin waɗannan sikirin na Android su ne suka fi saurin tsufa. Da yawansu ba sa samun sabuntawar tsaro ko sau ɗaya bayan sun bar masana'anta, wasu ma lambar Android da aka rubuta a saitinsu ta fi ta gaskiya girma. Shekara biyu ba ta cika ba sai Google Maps ya fara nauyi, ana dannawa ana jira, har direba ya wuce kwanar da zai shiga kafin muryar ta yi magana. A ƙarshe sai ka ga mai motar ya koma maƙala wayarsa a gilas, sikirin ɗin da ya kashe wa kuɗi ya zama agogo kawai.

Sai batun sirri, wanda kusan ba wanda ke kawo shi a wajen ciniki. Sikirin ɗin da aka kafe yana buƙatar a shiga da asusun Google kafin a sauke manhaja. Wannan asusu yana ɗauke da saƙonnin imel, lambobin mutane, adireshin gida da na wurin aiki, da jerin wuraren da aka nema a taswira. Motar kuma tana kwana a garejin bakanike, tana wuni a wurin wanki, ana ara wa aboki, wata rana a sayar da ita. Yawancin waɗannan na'urori ba a sa musu kalmar sirri, kunna mota kaɗai ya isa ya buɗe komai. Idan kuma aka sace motar, ɓarawo ya samu har da hanyar gidan mai ita.

Rana da ɓarayi

Zafin watan Maris zuwa Mayu a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai yana haura digiri 40 a inuwa, kuma saman dashbod ɗin motar da aka rufe a rana ya fi haka nesa ba kusa ba. Kamfanin Apple da kansa ya ce a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 zuwa 35, kada kuma a ajiye ta inda ya wuce 45. Batirin litiyam da ke cikin wayoyi da na'urorin taswira yana lalacewa da zafi, ya kumbura, ya ɗaga fuskar na'urar. Abin da ake iya cirewa a jefa a jaka ya tsira daga wannan.

Haka batun sata. Na'urar da ake hangowa daga waje gayyata ce, kuma kuɗin gilashin da aka fasa kan fi na abin da aka ɗauke. Ko zoben da robar maƙalawa ke bari a gilas, ko kebul da ke lilo ba komai a bakinsa, ya isa ya shaida wa mai leƙe cewa akwai wani abu a cikin aljihun dashbod. Motar da aka ɓoye wa kebul ba ta ba da wannan labari.

Inda ainihin haɗarin yake

Ɓoye kebul aiki ne na wuta, kuma nan ne mutane da yawa ke neman gira su rasa ido. Wutar mota bolt 12 ce, tana hawa zuwa wajen 14 idan inji na aiki, alhali USB bolt 5 yake so. Dole a samu ƙaramar na'urar rage wuta a tsakani. Mai arha sosai tana yin zafi, tana kuma sa rediyon FM shashshaka, wani lokaci har ta raunana siginar GPS ɗin da aka yi aikin dominta.

Abin da wasu masu wayarin suka saba shi ne su sa reza su fere wata waya a ƙarƙashin sitiyari, su murɗa sabuwa a kanta, su naɗe da salatif. Ranar farko komai lafiya. Amma salatif yana saki da zafi, girgizar hanya tana sassauta murɗin, kuma sabuwar siririyar wayar ba ta da fis da ya yi daidai da ƙarfinta. Aikin fis shi ne ya ƙone kafin waya ta ƙone. Batirin mota yana iya tura ɗaruruwan amfiya idan wuta ta haɗu da ƙarfe, abin da zai narka robar waya cikin daƙiƙoƙi a wurin da ke cike da soso da roba. A motocin zamani kuma akwai ƙarin matsala, domin wasu wayoyin ba wuta suke ɗauka ba, saƙonni suke kaiwa tsakanin kwamfutocin motar ta tsarin da ake kira CAN. Wanda ya fere ɗaya daga cikinsu zai ga fitilun gargaɗi sun cika dashbod, ko motar ta ƙi tashi.

Hanyar da ta dace ita ce a ɗebi wutar daga akwatin fis da ke cikin mota, ta amfani da fis mai reshe. Ana zare fis ɗin asali, a soka wannan a gurbinsa, yana da rami biyu, ɗaya na fis ɗin asali, ɗaya na sabon layi. Amfiya 3 zuwa 5 ta wadatar da sabon layin. Launin fis yana faɗin ƙarfinsa: ja 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. Girmansu kuma ya bambanta daga mota zuwa mota, don haka a zare ɗaya a je da shi shago a gwada. Ba a yanka komai ba, kuma ranar da za a sayar da motar a minti biyar za a mayar da ita yadda take.

Zaɓen layin ma yana da ƙa'ida. A nemi wanda ke kawo wuta sai an murɗa makulli zuwa ACC, kamar na rediyo ko na ramin sigari, a tabbatar da haka da mita ko fitilar gwaji. Wasu layukan suna da wuta ko mota a kashe, ciki har da na ramin OBD da ake soka na'urar bincike. Lissafin mai sauƙi ne: na'urar da ke jan rabin amfiya za ta sha amfiya-awa 12 a kwana ɗaya, batirin ƙaramar mota kuma bai cika wuce 60 zuwa 75 ba. Kwana biyu ko uku a ajiye, sai a nemi masu turi. Layin burki na ABS, na famfon mai, na ƙwaƙwalwar inji da na jakar iskar kariya kuwa ba a taɓa su kwata-kwata. Wayar dawowa kuma a ɗaure ta a noti da ke jikin ƙarfen mota, inda babu fenti.

Wuri na biyu mai haɗari shi ne ginshiƙin da ke gefen gilashin gaba. Nan ne aka fi son bi da kebul saboda yana ɓoyuwa da kyau, kuma a motoci da yawa jakar iskar gefe tana naɗe a wajen. Idan an ga rubutun SRS ko wayoyi masu launin rawaya, to ita ce. Kebul ɗin da aka gitta ta gabanta zai iya hana ta buɗewa daidai ranar hatsari, ko ta fizgo shi zuwa fuskar direba. Ta bayanta ake bi, a ɗaure a jikin wayoyin asali. Mafi sauƙi ma a kafa mariƙin na'urar ƙasa-ƙasa a dashbod, kebul ya fito ta tsagar da ke kusa da shi, ba sai an hau ginshiƙin ba. Kafin a fara aikin a cire kan batir mai alamar ragi, tare da sanin cewa rediyon wasu motoci, musamman tsofaffin Honda, yana neman lambar sirri bayan an mayar.

Shawara ɗaya da ke raba aikin shekara ɗaya da na shekara goma: ɓoyayyen kebul ɗin ya ƙare da ramin USB, kada ya ƙare da bakin caja. Tsofaffin na'urorin taswira da mini USB suke aiki, wayoyin Android sun yi zamanin micro USB, yanzu USB-C ake yayi, har iPhone ta koma kansa a 2023. Idan rami ne a ƙarshen layin, canza na'ura ba zai wuce canza guntun kebul mai tsawon taƙi ɗaya ba.

Hujjar masu kafewa

Masu son kafaffen sikirin suna da abin faɗa. Ya fi kyan gani, sauti yana fita kai tsaye ta lasifikan mota, maɓallan sitiyari suna aiki da shi, kuma yana nuna kyamarar baya da zarar an sa ribas. Batun kyamara gaskiya ne, musamman a lungunan da yara ke wasa. Wanda kyamarar ce damuwarsa, kuma yana da kuɗin na'ura ta kamfani sananne da aka haɗa da soket ɗin da ya dace da motarsa ba tare da yanka waya ba, bai yi laifi ba. Ko a nan ma gara wadda ke haska abin da ke kan wayar hannu ta Android Auto ko CarPlay, domin asusu da taswira suna zaune a wayar, suna fita tare da ita. Ga sauran jama'a, da yawa daga cikin ƙananan sikirin da ake cirewa su ma suna karɓar kyamarar baya, sauti kuma yana bi ta Bluetooth ko ramin AUX.

Akwai kuma masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne, waya a hannu ko a cinya ta isa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana ɗaukar amfani da waya yayin tuƙi a matsayin laifi. A 2019 an yi ce-ce-ku-ce bayan wani jami'inta ya ce bin Google Maps a tuƙi ma laifi ne, daga baya hukumar ta fayyace cewa ba ta hana taswirar ba, riƙe waya da latse-latse ana tafiya ne matsalar. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Duban cinya na daƙiƙa uku daidai yake da tafiyar mita 80 da ido a rufe.

Na'urar kuma tana da amfani ne idan taswirar na cikinta. Siginar GPS daga taurarin ɗan'adam take saukowa, daga nisan kilomita 20,200, kyauta, ba ta buƙatar data ko layin waya. Hoton hanyoyin ne ke buƙatar intanet. Wanda zai tashi daga Kano zuwa Damagaram ta Daura, layinsa na iya daina aiki da ya ƙetare iyaka, amma idan ya sauke taswirar yankin a Google Maps, ko a OsmAnd da Organic Maps masu amfani da bayanan OpenStreetMap, za ta ci gaba da nuna masa hanya. Wannan saukewar ta fi sauƙi a kan na'urar da ake shiga da ita ɗaki, a daren da za a yi tafiya.

Matashin da zai kai motarsa wajen mai wayarin ya tafi da tambayoyi uku: daga wane fis za a ɗebi wutar, fis na amfiya nawa za a sa wa sabon layin, kuma ta ina kebul zai bi. Gwani zai amsa su ba tare da ɓata rai ba, har ya nuna da mita. Wanda ya ce ba komai, ya zaro reza da salatif, a ɗauki makulli a gode masa, a nemi wani.