Hutun Talaka Ba Sai A Bakin Teku Ba

Akwai wata ƙarya da ta daɗe a zukatanmu har ta yi kama da gaskiya, wato cewa hutu da shaƙatawa kayan masu hannu da shuni ne, talaka kuwa nasa shi ne ya wayi gari yana fafutuka, ya kwanta yana lissafi. Je ka Sara ko Gwaram ko Birnin Kudu, ka samu magidanci ka ba shi shawarar ya ware yini guda ya fita shan iska da matarsa da 'ya'yansa. Zai dube ka sama da ƙasa, ya yi murmushin tausayi, sannan ya ce maka, ana ta kai wa ke ta kaya? Wannan amsa tana da zaƙi a baki, amma ta yi mana ɓarnar da fari da ambaliya ba su yi mana ba, domin ita ce ta raba uba da ɗansa alhali suna kwana a gida ɗaya.

Adalci ne a fara da abin da magidancin nan yake da gaskiya a kansa. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka, ya sake ninkawa. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a shekarar 2024 naira dubu saba'in ne, manomi da ɗan tireda kuwa ko wannan ba su da tabbacinsa. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya nuna mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki daban-daban, Jigawa kuma tana cikin jihohin da abin ya fi tsananta. Daga nan zuwa bakin tekun Legas tafiya ce ta fiye da kilomita dubu. Ko Yankari da ke maƙwabciyarmu Bauchi, da ruwan ɗuminta na Wikki, ko gidan zu na Audu Bako da ke Kano, sun fi ƙarfin mai 'ya'ya shida idan aka haɗa kuɗin mota da na shiga da na abinci. Idan dai hutu shi ne abin da wayar hannu take nuna mana, mutum kwance a kan yashi da lemo a hannu, teku na kaɗawa a bayansa, to lalle talaka ba shi da rabo.

Tambayar ita ce, wa ya ce wannan ne hutu? Mun bari masu tallar otal da masu sayar da tikitin jirgi sun fassara mana kalmar da kakanninmu suka san ma'anarta tun kafin a ƙera mota. Bahaushe bai taɓa zama ba shi da lokacin nishaɗi ba. Da an kai amfanin gona gida, sai kalangu ya tashi, a yi kalankuwa, samari su yi kokawa, maza su kafa dara a gindin bishiya. Daren farin wata na 'yan mata ne da gaɗarsu a dandali, yara maza na langa a gefe, ƙanana sun kewaye kaka tana yi musu tatsuniya da kacici-kacici. In azumi ya kai kwana goma sai tashe. Ba wanda ya taɓa sayar da tunkiya don ya halarci ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da suke bukata fili ne, da lokaci, da yardar manya. Waɗannan ukun su ne muka rasa, kuma hannayenmu ne suka zubar da su, tun kafin fetur ya yi tsada.

Mu ɗauki fili tukuna. Mutumin Sara yana zaune ne a kusa da wata taska da masana daga ƙasashen duniya suke sha'awar gani. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, akwai zanen da mutanen dā suka bari a jikin kogo, galibi na shanu, har da wani irin sa mai dogayen ƙahoni marar tozo, wanda ya bambanta da shanun da Fulani ke kiwo a yau. A tsakiyar shekarun 1950 Bernard Fagg, Baturen Ingila masanin kayan tarihi wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi nazarin wuraren nan, ya kuma bayyana wa duniya duwatsun kiɗa da ke wurin, waɗanda in aka buga su da ƙaramin dutse suke ƙara kamar ƙararrawa. Wuraren suna cikin abubuwan tarihi da gwamnatin tarayya ta ayyana a matsayin kayan gadon ƙasa. To, ina roƙon mai karatu ya shiga kowace firamare a ƙasar Gwaram ya tambayi 'yan aji shida, su nawa ne suka taɓa ganin zanen nan da idonsu? Ya tambayi iyayensu ma. Hausawa sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana da yunwa a kan dami. Yaron da ya haddace sunayen 'yan wasan ƙwallon Ingila kaf, bai san cewa a ƙasarsu dutse yana kiɗa ba.

Wanda kuma ya ce shi lalle sai yashi da ruwa, to ga kogin da ya ratsa ƙasar Gwaram nan. Da rani ya kama, ruwa ya janye, sai ya bar shimfiɗar rairayi mai faɗi, ga lambunan 'yan fadama a gefe. Uwa ta dafa ɗanwake ko dambu, uba ya sayi rake, a shimfiɗa tabarma a inuwa, yara su yi ta gina ɗakuna da yashi har la'asar sakaliya. Me yaron Legas yake samu a bakin teku da ya wuce wannan? Sharaɗi ɗaya ne, kuma babba: wannan fita ta rani ce, tare da babba mai lura. Da damina kogi ba abokin wasa ba ne, kuma kowace shekara muna jin labarin rayukan da ruwa ya ci a jihar nan. Sai dai abin lura, yaran da ruwa ke ci galibi waɗanda suka saci jiki ne suka tafi su kaɗai, saboda babu babban da ya taɓa ɗaukarsu ya kai su, ya nuna musu inda ake shiga da inda ba a shiga.

A nan ne nake da magana da hukuma. Duk lokacin da aka ambaci yawon buɗe ido a bakin jami'an gwamnati, hankalinsu yana kan baƙo mai dala, wanda za a gina wa masauki mai na'urar sanyaya ɗaki. Shekara da shekaru ana jiran wannan baƙo, bai zo ba. Mai ziyara na gaskiya yana nan a ƙofar gida, da yaransa biyar da naira dubu biyu a aljihu, ba wanda ya tuna da shi. Abin da yake bukata bai kai kuɗin motar babban jami'i guda ba: hanya mai kyau zuwa gindin dutse, rumfa, famfon ruwa, makewayi na maza da na mata, da mai jagora da zai yi bayani da Hausa. Wurin tarihi da mutanen gari ba sa zuwa maraya ne, kuma magadansa biyu ne, mai fasa dutse da mai rubuta sunan budurwarsa a jikin bango. Gadin da ya fi kowane gadi shi ne jama'ar da suka san darajar abinsu.

Haka batun yake a cikin gari. Tun da aka ƙirƙiro Jigawa a 1991 garuruwanmu suke faɗaɗa, ana yanka filaye ana fitar da sababbin unguwanni. A wace sabuwar unguwa aka ware dandali? Fili in ya yi saura a tsakiyar gari, idon kowa a kansa yake, yau a kafa shago, gobe a ja katanga. Filin makaranta, wanda shi ne mafakar ƙarshe, shi ma ana gutsurarsa. Mun kori yara daga kowane sarari, sannan muna mamakin ganinsu a tasha da bakin kasuwa. Najeriya ta rattaba hannu a kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin yara, wadda sashe na 31 nata ya tabbatar wa yaro haƙƙin hutu da wasa. Takarda ba ta zama dandali. Mai unguwa da dagaci da shugaban ƙaramar hukuma su ne za su iya cewa wannan fili ba na sayarwa ba ne.

Sai dai kada mu ɗora wa hukuma kayan da namu ne. Mu zo kan lokaci. Magidancin da ya ce ba shi da sukunin hutu, ina yake tsakanin magariba da ƙarfe goma sha ɗaya na dare? Yana majalisa, ko teburin mai shayi, ko gidan kallon ƙwallo. Ashe yana hutawa, kullum ma kuwa. Abin da yake kashewa a shayi da katin waya da kuɗin kallo cikin wata guda ya isa ya kai iyalinsa Dutsen Habude su dawo. Gaskiyar da ba mu son faɗi ita ce, a gidajenmu hutu na namiji ne shi kaɗai. Matar da ta tashi tun asuba, ta yi shara, ta yi daka, ta yi girki, ta yi wanki, ta ƙulla ƙuli-ƙulin sayarwa, in an ce ta huta to ta zauna ne tana tsintar shinkafa da goyo a bayanta. Wannan shi ne hutun jaki da kaya a ka. Fitarta biki ne ko suna ko asibiti, kuma ko bikin ma aiki ne. Mace tana iya shekara ashirin a Sara ba ta taɓa fita tare da mijinta don kawai su ga wani abu mai kyau ba.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce wannan ɗabi'ar Turawa ce, fita da iyali zubar da girma ne, wasa kuma lalata tarbiyya ne. Ina tambayarsu, girman wa ya kai na Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi? Ya tabbata a hadisi cewa ya yi tseren gudu da Nana A'isha, kuma ya tsaya ya kare ta tana kallon mutanen Habasha suna wasa da māsu a masallaci. Wanda ya ɗauki ɗaure fuska a gida a matsayin addini, to ya sake bincike, al'adarsa ce yake wa rawani. Batun tarbiyya kuwa, ai hujja ce a kansu. Yaro dole ya yi wasa, kamar yadda dole ya ci abinci. In bai yi a gaban ubansa ba, zai yi a bayan gari, tare da wanda zai koya masa abin da uban zai yi kuka a kai. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba a tanƙwara icce daga nesa.

Ko da an ce fita ta gagara ɗungurungum, tsakar gida tana nan. Karan dawa da ake ƙonawa bayan girbi, da shi yaran dā suke ƙera mota da keji da jirgi, da ɓargon kara da siƙarinsa. Gwangwanin madara da tsohon silifa suna zama motar langa-langa. Uba ya zauna da ɗansa su gina akurkin kaji ko ɗakin tantabaru, su kwaɓa ƙasa tare, su yi yaɓen katangar da damina ta zaizaye. Uwa ta koya wa 'yarta saƙar faifai da ɗinkin hula. A dasa zogale a bayan ɗaki, a ba kowane yaro bishiyarsa ya riƙa ba ta ruwa, a ga ta wa za ta riga tsawo. Kakanninmu sun san sirrin haɗa aiki da nishaɗi: mata suna daɓe suna waƙa, maza suna gayya ana yi musu kiɗa. Yaron da ya ƙera motar kara ya koyi awo, ya koyi haƙuri, ya kuma ɗanɗani daɗin cewa wannan ni na yi. Ba a sayar da wannan darasi a kanti. Muna kukan samarinmu ba su da sana'a, alhali mun hana hannayensu taɓa komai tun suna ƙanana, ban da farantin talla.

Saboda haka kirana a fili yake. Masu unguwanni da dagatai su tsaya kai da fata a ware dandali a kowace unguwa, a rubuta shi a takarda, a dasa masa bishiyoyi. Shugabannin makarantun Gwaram da Birnin Kudu, tare da ƙungiyoyin iyaye da malamai, su mayar da ziyarar duwatsun nan al'adar kowace shekara, ta yadda yaro ba zai gama firamare bai buga dutsen kiɗa da hannunsa ba. Hukumar kula da gidajen tarihi da gwamnatin jiha su daina jiran baƙon da ba ya tafe, su gyara wurin domin 'yan gida. Malamai su ambaci haƙƙin iyali na nishaɗi a mumbari kamar yadda suke ambaton ci da sha da tufafi. Kai kuma magidanci, naka ya fi na kowa sauƙi, kuma ba ka jiran kasafin kuɗin kowa. Cikin darare bakwai na mako, ka ranta wa majalisa shida, ka ba gidanka ɗaya. Cikin Juma'o'in shekara, ka zaɓi biyu ko uku, bayan an sauko daga masallaci, ka ce wa uwargida ta ɗauko mayafinta, yara su sa takalma.

Yarinta ba ta jiran farashin fetur ya sauko. Yaron da yake shekara bakwai a bana, in ka ce sai ka yi arziki za ka zauna da shi, ranar da arzikin zai zo za ka tarar da saurayi mai gemu wanda bai saba hira da kai ba, kuma a lokacin ko ka kai shi Dubai, baƙi biyu ne za su zauna a jirgi.