Wa Ya Ɗauki Hoton Kakanninmu a Bama?

A shekarar 1942 kamfanin 20th Century Fox na Amurka ya fitar da wani fim mai suna China Girl. Labarin wani Ba'amurke ne mai ɗaukar hoton labarai, wanda George Montgomery ya fito a matsayinsa, yana yawo da kyamararsa tsakanin ƙasar Bama da Sin lokacin da Japanawa suke kai hari. Akwai gudu da harbi da soyayya, kuma mai kallo ba zai gaji ba. Amma mu abin da ya tsaya mana a rai shi ne wannan: ƙasar da fim ɗin yake nunawa, 'yan Nijeriya sun zubar da jini a cikinta.

Ba mu ga laifin masu fim ɗin ba, domin sai a 1943 ne Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta isa Indiya, ta 82 kuma ta biyo baya a 1944. Sojojinmu, da yawansu daga Arewa, sun ratsa kurmin kwarin Kaladan da kaya a ka, kuma su ne suka ƙwace garin Myohaung a Janairun 1945. Har yau akwai barikin Myohaung a Legas da barikin Dalet a Kaduna. Sunayen wurare sun tsira, amma fuskokin mutanen fa?

Kyamara ba ta ganin komai sai inda mai ita ya juya ta. A 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen fina-finai na ƙasashen da take mulka, motocin majigi suka riƙa zagaya garuruwa suna nuna yaƙin yadda Turawa suke so a gan shi. Shi kuwa Isaac Fadoyebo, wanda aka harba a Kaladan a 1944 har wasu manoman Bama suka ɓoye shi watanni, sai a 2011 ne Al Jazeera ta nuna labarinsa. Ya rasu a 2012.

Saboda haka, ɗalibai, ra'ayinmu shi ne kada mu zauna jiran baƙo ya zo ya ba da labarinmu. Kusan duk tsofaffin sojojin sun rasu, amma 'ya'yansu da jikokinsu suna nan. In kun je hutu Dinawa, ko Wurno, Rabah da Goronyo, ku tambayi dattawa: akwai wanda ya je Yaƙin Hitila daga gidan nan? Ina lambarsa ta yabo? Me ya faɗa da ya dawo? Ku rubuta sunansa da garinsu, ku ɗauki hoton abin da ya bari, ku kawo wa malaman tarihi.

Da haka mujallar baɗi za ta iya ɗaukar abin da fim ɗin 1942 bai ɗauka ba. Allah ya taimake mu.