Ruwan sama ne ya dawo da itatuwan Galma, ko hannun manomi?

Akwai hotuna biyu na Galma, ta yankin Madawa, da masu bincike ke yawan nunawa. An ɗauko su daga sama, ɗaya a 1975, ɗayan a 2003. A na farko gonaki fayau suke, a na biyu kuwa itatuwa sun cika su. Gray Tappan da Chris Reij na cikin waɗanda suka yi wannan aiki.

Ina yawan jin masu ilimi suna yanke hukunci nan take: ai bayan farin 1984 damina ta ɗan gyaru, shi ya sa itatuwa suka dawo. Wannan gaggawar ce ke damuna. Don abu biyu sun taso lokaci guda ba ya nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan. A cikin shekarun nan dai manoma suka daina sare tohon kututture suna renonsa, aikin farfaɗo da ƙasa na Keita ya fara a 1984, kuma tun 1975 ake dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya ta Buza. Wanne za ka ɗora wa alhakin?

Sai an nemi wurin da ruwan yake ɗaya amma aikin mutane ya bambanta. Da aka duba hotunan kan iyaka, gonakin ɓangaren Nijar sun fi na Najeriya itatuwa, alhali hadari bai san iyaka ba. Wannan hujja ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ma'aunin kansa. Ma'aunin tauraron ɗan'adam da ake yawan dogara da shi kore yake aunawa kawai. Da damina gero kore ne, ciyawa ma kore ce, shi kuwa gawo a lokacin ne yake zubar da ganye, sai rani ya yi yake tohowa. Wanda ya auna koren watan Agusta ya ce ya ƙirga itatuwa, hatsi ya auna, gawo ya kuɓuce masa. Kowane manomin Galma ya san halin gawo.

Shi ya sa nake roƙon ɗaliban jami'ar Tawa, kafin su zuba alƙaluma a kwamfuta, su taka gonar da kansu, su tambayi mai ita yaushe ya fara barin toho da dalilin da ya sa.