Layar Zamani a Cikin Gwangwani

Ɗan boko yakan yi wa ɗan dambe dariya idan ya ga ya ɗaura layu a damtse kafin ya shiga fage. Amma shi mai dariyar, da zarar ya fito daga gidan motsa jiki, sai ya kwance jaka ya zaro gwangwanin garin furotin ko kwalbar ƙwayoyi, ya dama ko ya haɗiya, alhali bai san abin da ke ciki ba in ban da abin da aka rubuta da Turanci a jikin mazubin. To, gwangwanin nan ma laya ce, har ta fi ta ɗan dambe haɗari, domin tasa a kan fata take tsayawa, wannan kuwa sai ta ratsa hanta da ƙoda.

Ya kai mai karatu, ka san asalin kasuwar. Da yawa daga cikin kayan nan daga Amurka ake shigo da su, kuma dokar da ƙasar ta kafa a 1994 ba ta wajabta wa kamfani ya sami amincewar hukumar abinci da magunguna ta FDA kafin ya fara sayar da su ba. Sai kaya sun shiga kasuwa sun yi ɓarna, sa'an nan hukuma ta bi sawu. Haka aka yi da ephedra, wanda ake sha don rage ƙiba da ƙarin kuzari: ba a haramta shi ba sai a 2004, bayan rayuka sun salwanta, ciki har da ɗan wasa Steve Bechler da ya rasu a 2003 yana ɗan shekara 23. Haka kuma wani ɗakin bincike a birnin Kolon na Jamus ya gwada kaya 634 da aka saya a ƙasashe 13 tsakanin 2000 da 2001, ya iske 94 daga ciki na ɗauke da sinadaran sitiroid da ba a ambata a jikin mazubi ba. Sitiroid kuwa yana lahanta hanta, yana rage ƙarfin haihuwa. Saurayi ya sayi damtse, ya biya da zuriya!

Masu kare wannan ɗabi'a za su ce kimiyya ta tabbatar da amfanin furotin da kiriyatin wajen gina tsoka. Gaskiya ne, kuma ba na musu. Sai dai a yi lissafi. Baligi mai nauyin kilo 70 yana buƙatar kimanin giram 56 na furotin a yini. In yana ɗaga ƙarfe sosai, kimanin ninki biyun haka ya ishe shi. Ƙwai ɗaya na da giram 6, giram 100 na gyaɗa na da kusan 25, busasshen wake kuma ya haura 20. A ƙasar da ake da ƙosai, alale, awara, ƙuli-ƙuli, kilishi da nono, me ya kai ɗalibi yi wa kuɗin abincinsa giɓi don sayen gari? Garin ma, mafi shahara a cikinsa daga ruwan da ya rage bayan an cire cuku daga madara ake tace shi.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne wanda ke ba da fatawar. Mai horarwa a gidan motsa jiki sau da yawa shi ne dillalin kayan, ga shi ba likita ba, ba masanin abinci ba. An taɓa ba kura ajiyar nama? Bai auna hawan jininka ba, bai san lafiyar ƙodarka ba, ribarsa kawai ya sani.

Jami'a wuri ne da ake koyon tambayar hujja. Ɗalibin da ba zai karɓi magana a aji ba sai an nuna masa madogara, bai kamata ya buɗe baki ga gwangwani don hoton ƙato da ke jikinsa ba. In har dole sai ka sha, ka fara ganin likita, ka duba lambar rajistar NAFDAC, ka guji duk abin da ya yi alkawarin damtse cikin mako biyu. Tsoka dai ɗiyar gumi ce da abinci da barci, kuma kowa ya ci zomo ya ci gudu.