Martani ga Mai Cewa Tauri Shi Ne Inganci

Wani marubuci ya yi fatawa cewa duk wanda ya ɗaga Hilux ko Land Cruiser, wajibi ne ya sa mata shokazoba mafi tauri. Wannan kuwa kuskure ne bayyananne, domin sifirin ne ke ɗaukar nauyi, shokazoba aikinta kwantar da tsalle kurum. Da malamin ya zauna wajen makanikan unguwar Briqueterie, inda ake kwance ƙafar motocin da suka sha jar ƙasar hanyar Tibati zuwa Banyo, da ya ga hujja da idonsa: mai ya yi zafi ya yi kumfa, roba ta tsage, ƙarfe ya lanƙwashe saboda gajeriyar shokazoba da aka tilasta wa doguwar ƙafa. Wajen zaɓen shokazoba, sharaɗi na farko shi ne tsawonta ya dace da gwargwadon ɗagawar. Na biyu, ƙarfinta ya daidaita da sifirin da lodin da aka saba. Na uku, ta zama mai iskar gas, irin Bilstein ko Old Man Emu, don ta jure zafi. Wanda ya bi fatawar marubucin nan, lalle ƙugunsa ne zai biya diyya.